Yadda Ake Hayayyafar Kifin Anjel da Renon 'Ya'yansa a Tankin Gilashi

Kifin da masu sayar da kifin ado suke kira angelfish, wanda zan riƙa kira anjel a wannan rubutu, asalinsa daga kogin Amazon ne da rassansa a Kudancin Amurka, a ƙasashe irin su Birazil da Peru da Kolombiya. A can yana zaune ne a ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu da ƙarfi, cikin ciyayi da saiwoyin itatuwan da ambaliya ta shanye, kuma siffar jikinsa ta dace da wannan mazauni, domin shafaffe ne kamar ganye, yana da dogayen fikafikai sama da ƙasa, yana ratsa tsakanin karare ba tare da wahala ba. Masana suna kiran nau'in da ya fi yawa a kasuwa Pterophyllum scalare. Akwai wasu nau'o'i biyu, altum da leopoldi, amma altum yana da wuyar hayayyafa ƙwarai, don haka duk bayanin da zai biyo baya a kan scalare yake.

Abin da zai taimaka wa mai kiwo tun daga farko shi ne ya san cewa anjel dangin karfasa ne. Kamar karfasa, yana zaɓar wuri ya tsare shi, yana faɗa a kan iyaka, yana kuma kula da ƙwansa da 'ya'yansa. Samun ƙwai daga gare shi ba abu ne mai wuya ba, domin lafiyayyun mace da namiji a ruwa mai tsabta za su yi ƙwai ko an so ko ba a so ba. Inda yawancin mutane suke asara shi ne kwanaki goma na farko bayan ƙwan ya sauka, kuma kusan kullum dalilin asarar yana komawa ga abin da ba a tanada ba tun kafin ranar.

Samun ma'aurata

Ba a iya bambance mace da namiji da tabbaci ta hanyar kallo kawai, musamman idan suna ƙanana. Wasu suna cewa namiji yana da tudu a goshi, kuma hakan yakan zama gaskiya a wasu kifayen, amma ba alama ce da za a dogara da ita ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a sayi ƙanana shida zuwa takwas, a rene su tare a babban tanki mai ɗaukar lita 200 ko kusa da haka, a bar su su zaɓi junansu. Idan da hali a haɗo su daga hannun masu sayarwa biyu, domin kada dukansu su zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. A duba kowane ɗaya da kyau kafin a biya kuɗi: fikafikansa su kasance a miƙe, idanunsa garau, babu fararen ɗigogi a jikinsa, kuma ya kasance yana rububin abinci.

Suna balaga ne tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya, gwargwadon ciyarwa da faɗin wurin da suka samu. Alamar cewa biyu sun haɗu a fili take. Za a ga sun keɓe a kusurwa ɗaya suna korar sauran, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci suna cafke bakin juna suna jijjiga, daga baya kuma su fara goge wani ganye ko bangon gilashi da bakinsu. A wannan lokaci ne wani ɗan tsiro yake fitowa a ƙarƙashin cikin kowannensu, kuma shi ne kaɗai tabbataccen abin da yake nuna jinsi. Na mace yana da kauri da faɗin baki, na namiji siriri ne mai tsini. Ya kamata a lura da wannan sosai, saboda mata biyu sukan haɗu su yi duk abin da ma'aurata suke yi, har su zuba ƙwai, amma ƙwan ba zai taɓa ƙyanƙyashewa ba.

Tanki da ruwa

Ma'aurata suna bukatar tankinsu su kaɗai. Wanda tsawonsa ya kai santimita 60, faɗinsa 30, zurfinsa 45, yana ɗaukar kimanin lita 80, kuma ya isa. Zurfin yana da muhimmanci, domin babban anjel yakan kai santimita 20 daga ƙarshen fiffiken sama zuwa ƙarshen na ƙasa. Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa tankin, a tabbatar da cewa silikon ɗin da zai liƙa shi da shi ba wanda aka gauraya da maganin fumfuna ba ne, irin da ake amfani da shi a banɗaki, domin wannan guba ne ga kifi.

Ba a zuba yashi ko tsakuwa a ƙasan tankin hayayyafa. Tanki mai ƙasa fili bai kai mai tsakuwa kyan gani ba, amma a cikinsa ne ake ganin kashi da ragowar abinci a kwashe su nan take. Matatar da ta dace ita ce ta soso, wadda famfon iska yake tafiyar da ita, saboda matata mai injin zuƙo ruwa tana haɗiye 'ya'yan kifi. Wannan soso ba datti kawai yake tarewa ba. A cikinsa ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama, waɗanda suke mayar da amoniya, wato sinadari mai guba da kifi yake fitarwa, zuwa abin da ba shi da illa sosai. Sabon soso yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su cika shi, don haka tun ranar da aka kawo ƙananan kifayen a jefa ƙarin soso biyu a babban tankin su riƙa aiki, domin su nuna kafin a bukace su. Idan soso ya toshe, a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, kada a wanke shi da ruwan famfo.

Sai kuma wurin zuba ƙwai. A daji suna zubawa a kan faffaɗan ganye mai tsaye, a gida kuwa tsinken tayil mai faɗin santimita 8 da tsawon 25 ya wadatar, a jingina shi da bangon tanki a ɗan karkace. Guntun bututun roba na famfo da aka tsayar shi ma yana aiki.

Zafin ruwan da ake so shi ne digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos. Ga wanda yake zaune a Kano ko Zinder ko Sakkwato, wannan yana nufin yaƙi biyu ne a shekara. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sanyin dare yana saukar da ruwa ƙasa da abin da ƙwai zai jure, saboda haka ana bukatar hita mai kashe kanta, kuma mai ƙarfin wat 100 ta ishi tanki irin wanda aka ambata. A lulluɓe bayan tankin da gefunansa da bargo domin ya riƙe ɗumi idan an ɗauke wuta. Da bazara kuwa matsalar zafi ce, kuma ruwan da ya haura digiri 30 ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. A nisanta tankin daga taga, a buɗe murfinsa, a sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, amma kada a jefa ƙanƙara ciki, domin sauyin zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Ruwan Amazon ba shi da ma'adinai da yawa, amma anjel ɗin da ake sayarwa yau an daɗe ana haifarsa a tankuna, ya saba da ruwa iri-iri. Ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa da ake dubawa da takardar gwaji, tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi daidai. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, don haka a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ana hura masa iska, ko a sa masa maganin kashe kulorin da ake sayarwa tare da kayan kifi. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Idan aka ga ana ta yin ƙwai amma kaɗan ne suke ƙyanƙyashewa, kuma ruwan irin wanda yake barin farin dabbare a gindin tukunya ne, to a gwada gauraya shi da ruwan sama mai tsabta rabi da rabi. A ra'ayina, gara mutum ya tsaya a kan ruwa ɗaya wanda ba ya canzawa da ya riƙa zuba magunguna yana neman wani adadi a takardar gwaji.

Akwai abu ɗaya da nake so a ɗauke shi da matuƙar muhimmanci, wato maganin sauro. Na feshi da na ƙonawa duk suna ɗauke da sinadaran da suke kashe kifi ko da kaɗan ne, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ne ya tura ta kai tsaye cikin ruwa. Ɗakin da tanki yake ba a fesa masa komai. Haka nan bokiti da tiyo da kofin da ake aikin kifi da su a keɓe su, kada sabulu ya taɓa su.

Ciyarwa da ranar ƙwai

Bayan an mayar da ma'auratan sabon tankinsu, a ciyar da su sau biyu ko uku a rana da abinci mai gina jiki, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. Busasshen abincin kifin ado mai kyau shi ne tushe, a ƙara musu da tana da aka wanke aka yayyanka ƙanana. Tsutsar sauro ma suna sonta ƙwarai, kuma idan an tarar da ita a wani mazubi a kwashe a ba su, amma ban yarda mutum ya ajiye ruwa da gangan don tara sauro a gidan da iyali suke kwana ba. A riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu a mako. Sabon ruwa yakan zaburar da su, kuma sau da yawa washegarin sauyi ne suke fara goge tayil.

Gogewar takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Ranar da abin zai faru, macen za ta riƙa bin tayil ɗin daga ƙasa zuwa sama tana goga cikinta, da farko ba tare da ta ajiye komai ba, daga nan sai ƙwai ya fara fita a jere, layi bayan layi, namijin yana biye da ita yana zuba maniyyinsa a kai. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Budurwar mace takan yi ƙwai ɗari ko ɗari biyu, babba kuwa tana iya yin ɗaruruwa da dama. A wannan lokaci a rage ƙarfin iskar matata domin motsin ruwa kada ya kwashe maniyyin kafin ya kai ga ƙwan, kuma a hana yara taruwa a gaban gilashin.

Lafiyayyen ƙwai yana da launin zuma mai haske. Wanda bai samu maniyyi ba yakan koma fari fat cikin kwana ɗaya, sannan fumfuna ta kama shi ta fara yaɗuwa zuwa na kusa da shi.

A bar wa iyaye, ko a ɗauke?

Wannan ita ce shawarar da mai kiwo zai yanke da kansa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Idan aka bar ƙwan, iyayen za su riƙa karɓa-karɓa wajen yi masa fifita da fikafikan ƙirjinsu, suna tsince fararen da baki. Matsalar ita ce sababbin ma'aurata sukan cinye ƙwansu a karo na farko da na biyu, wani lokaci har na huɗu, ko don rashin sabo ko don tsoro. Wannan ba dalilin raba su ba ne, domin za su sake yin wani bayan mako ɗaya ko biyu. Abin da yake taimakawa shi ne a rufe gefunan tankin da takarda, a kuma bar ƙaramar fitila mai rauni tana ci duk dare, irin ƙananan fitilun sola, saboda duhu da haske da suke zuwa bagatatan suna firgita su.

Masu kiwo don sayarwa sun fi ɗauke tayil ɗin, domin haka ne ake samun 'ya'ya da yawa. Ana cika ƙaramin mazubi mai lita 10 zuwa 20 da ruwan tankin iyayen, a ɗauko tayil ɗin da sauri a tsoma shi, a ajiye dutsen hura iska kusa da shi ta yadda kumfar za ta riƙa wucewa ta gefen ƙwan tana motsa ruwa ba tare da ta buge shi ba. Ana ɗiga maganin da ake kira methylene blue har ruwan ya yi shuɗi matsakaici wanda har yanzu ana hango ƙwan ta cikinsa. Ba a sa wannan magani a tankin da yake da soso mai aiki, domin yana cutar da bakteriyar da ke ciki. Fararen ƙwai kuma mai kiwo ne zai cire su da tsinke a hankali.

Ni dai ga wanda wutar lantarki ba ta tsaya masa ba, shawarata ita ce ya bar wa iyaye. Ƙwan da aka ɗauke rayuwarsa ta rataya ne a kan famfon iska, kuma daren da famfon ya tsaya ana iya wayar gari an rasa shi duka, alhali uwa ba ta daina fifita don an ɗauke wuta. Wanda ya zaɓi ɗaukewa lalle ne ya mallaki ƙaramin famfo mai batir ko mai aiki da abin cajin waya, ya kuma gwada shi kafin ranar bukata.

Daga ƙyanƙyasa zuwa iyo

A zafin digiri 27 ƙwan yana fashewa bayan kwana biyu zuwa biyu da rabi. Abin da yake fitowa bai yi kama da kifi ba tukuna. Ɗan zare ne mai kaɗa wutsiya, da ƙunshin gwaiduwa a cikinsa, yana maƙale da tayil ta wani siririn abu mai danƙo da yake fita daga kansa. Iyaye sukan kwashe su da baki su sauya musu wuri, kuma wanda bai sani ba zai zaci cinye su suke yi. Kimanin kwana biyar suke yi a haka suna rayuwa da gwaiduwar, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a ba su abinci ko kaɗan, domin ba za su ci ba, sai dai abincin ya ruɓe ya ɓata ruwa. Idan a mazubi mai shuɗin magani suke, daga ranar ƙyanƙyasa a fara sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowace rana da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na mazubin, domin shuɗin ya gushe kafin su fara iyo.

Wajen kwana na bakwai daga ranar da aka yi ƙwan za su saki tayil su tashi gaba ɗaya kamar ƙura. Daga wannan sa'a suna bukatar abinci mai rai, mai motsi, wanda ya dace da ƙanƙantar bakinsu.

Abincin farko

Babu abin da ya kai sabuwar ƙyanƙyasar artemiya, wato wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri wanda ake sayar da busasshen ƙwansa a gwangwani. Masu ƙyanƙyasar tarwada suna amfani da shi, don haka wurinsu ko wurin masu sayar musu da kaya ne ya fi sauƙin samu. Lokacin saye a tambaya a tabbatar cewa irin wanda ake ƙyanƙyashewa ne, domin akwai wanda aka ɓare wa ɓawo ana ba kifi kai tsaye, kuma yawancinsa ba ya fashewa. 'Ya'yan anjel a kwanakin farko sun fi kula abin da yake motsi.

Ga yadda ake yi. A samu robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a yanke gindinta, a kifa ta bakinta yana ƙasa da murfinsa a rufe. A zuba lita ɗaya na ruwa, a narkar da gishiri giram 25 zuwa 30 a ciki, wato kimanin babban cokali ɗaya da rabi, kuma masu kiwo sun fi son gishirin da ba a ƙara masa aidin ba. A zuba rabin ƙaramin cokali na ƙwan artemiya, a zura siririn tiyon iska har can ƙasan robar domin ƙwan ya riƙa juyawa kada ya kwanta, a ajiye a wuri mai haske da ɗumi. Cikin awa 24 zuwa 36 za su fashe. Sai a kashe iskar a jira minti biyar zuwa goma. Ɓawon zai taso sama, 'ya'yan artemiyar masu launin lemo za su taru a ƙasa, musamman idan an haska wurin da tocila, domin suna bin haske. A zuƙo su da tiyo a tace a ƙyalle mai laushi, a ɗauraye da ruwa marar gishiri, sannan a zuba wa 'ya'yan kifin. A kiyaye kada ɓawon ya biyo, domin ba ya narkewa a cikinsu.

Amfanin artemiya yana raguwa 'yan awoyi bayan ta fashe, shi ya sa ake ajiye roba biyu, a haɗa ɗaya yau ɗaya gobe, kullum akwai sabuwa. Roba ta farko a haɗa ta tun kwana na biyar ko na shida bayan ƙwai. Fiye da haka ma, ya kamata mutum ya gwada ƙyanƙyasar sau ɗaya ko biyu tun ma'auratan ba su yi ƙwai ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gwangwanin da ya sha zafi da danshi a shago yana iya ƙin fashewa. Bayan an buɗe shi a rufe shi ruf a ajiye a wuri mai sanyi.

A ciyar sau uku ko huɗu a rana, kaɗan-kaɗan. Jikin 'ya'yan garau yake, don haka ana ganin cikinsu ya taso ya yi launin lemo idan sun ƙoshi, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne. Idan artemiya ta gagara, ana iya murza ɗan ƙwayar gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza ta cikin ƙyalle a ba su na kwana ɗaya ko biyu, amma tana ɓata ruwa da sauri, sai an bi ta da sauyi nan da nan.

Tsabta da girma

Artemiyar da ba a ci ba tana mutuwa cikin 'yan awoyi a ruwa marar gishiri, ta kwanta a ƙasa. Kowace yamma a ɗauki siririn tiyon iska a zuƙe ƙasan tankin zuwa cikin farin bokiti, domin idan an zuƙo ɗan kifi a gan shi a mayar. A maye gurbin abin da aka cire, kimanin kashi ɗaya cikin biyar, da ruwan da ya kwana kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin, a zuba shi sannu a hankali. Idan aka ga 'ya'yan suna kwanciya a ƙasa ko suna mutuwa biyu-biyu, uku-uku kowace safiya, a fara zargin ruwa kafin a zargi cuta.

Idan tare da iyaye suke, a raba su bayan mako biyu zuwa uku, saboda 'ya'yan sukan fara tsattsagar fikafikan iyayen, iyayen kuma sukan shirya yin sabon ƙwai su juya wa na farkon baya. A mako na uku zuwa na huɗu jikinsu zai fara faɗaɗa, fikafikan sama da ƙasa su miƙe, siffar anjel ta bayyana. A lokacin ne ake fara haɗa musu da busasshen abinci da aka niƙa ya yi laushi, a ba su shi da safe suna cikin yunwa, artemiya kuma daga baya, har su saba.

Cunkoso shi ne abin da yake lalata kifin da ya riga ya tsira. 'Ya'ya ɗari biyu suna zama lafiya a lita 80 na mako biyu ko uku kawai, bayan haka girmansu zai tsaya, fikafikansu su lanƙwashe, kuma abin da ya lanƙwashe a wannan shekaru ba ya miƙewa. Idan jikin kowane ɗaya ya kai girman farcen babban yatsa, a lissafa masa kimanin lita huɗu, a ninka haka idan ya ƙara girma. Ba dole sai tankin gilashi ba, babbar robar ruwa mai zurfi wadda ba a taɓa zuba sinadari a cikinta ba tana aiki, muddin akwai soso da iska. A riƙa ware manya daga ƙanana domin kada su danne su wajen ci.

A wannan mataki ne kuma ake tantancewa. A kowace haihuwa akan samu 'yan kaɗan masu karkataccen baya, ko waɗanda murfin wurin numfashinsu bai rufe ba, ko waɗanda ba sa iya tashi daga ƙasa. Irin waɗannan ba a sayar da su, ba a kuma barin su su hayayyafa. Launi ma yakan ba mutum mamaki, domin iyaye biyu masu launin azurfa da baƙaƙen zane suna iya haifar 'ya'ya masu ruwan zinariya idan dukansu suna ɗauke da wannan gado a ɓoye, kuma a irin wannan haɗi kusan ɗaya cikin huɗu ne yake fitowa haka.

Tsakanin mako takwas zuwa goma sukan kai girman da masu shago suke karɓa. Ya kamata a yi magana da masu sayen tun 'ya'yan suna wata ɗaya, kuma duk yadda suka yi yawa kada a sake su a kogi ko tafki ko dam, domin baƙon kifi ne a ruwanmu. Kafin a kai su, a hana su abinci na kwana ɗaya domin kada su ɓata ruwan leda a hanya, a cika kashi ɗaya cikin uku na ledar da ruwa, sauran kuma iska, a yi tafiyar da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga cikinsu a ware shida ko takwas mafi kyawun siffa da saurin girma, a haɗa su da wasu 'yan kaɗan daga wani gida, su ne za su zama iyayen shekara mai zuwa.